Rubutun Tamu a Cikin Kwamfuta

Jega,
Litinin, 11 ga Maris, 2002.

Zuwa ga Jibrin ɗan Gwaggo Rakiya, Aliero.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka don an ce a riƙa gaisuwa, ba don ka cancanta ba. Ka gaishe mini da Gwaggo. Na rubuto da ajami saboda shi kaɗai ka iya karantawa, kuma ba na son wani ya ji abin da ke ciki.

Kwamfutata ta mutu, Jibrin, kuma kai ka kashe ta.

Ranar Juma'a da ka ɗauko kakarmu Tamu a bayan babur ka kawo ta ganin shagona, na fita sayen takarda na bar ku minti goma. Minti goma kacal! A cikinsu ka gaya wa tsohuwa cewa ƙarar fankar da take ji a cikin akwatin numfashin aljani ne, wai daga ƙasar Turawa aka rufo shi, wai jinina yake sha shi ya sa na rame. Ita da bakinta ta faɗa mini, kada ka soma musu.

Ta kwana gidanmu. Asabar da safe ta biyo ni shago da gora a ƙarƙashin mayafi. Ina waje ina tayar da janareta, ashe tana ciki tana tsiyaya rubutun da ta karɓo wurin malam, allo bakwai, ta ƙofofin shan iska na akwatin. Ban sani ba na zo na kunna. Tartsatsi, hayaƙi, wari. Ni ina ihu, ita tana kabbara.

Ka san abin da na sayar na sayi wannan na'ura. Gonar da mahaifina ya bar mini a Dangamaji ce, Baffa Labbo yana cewa kada in yi, na yi. Makarantu uku sun ba ni tambayoyin jarrabawarsu in buga kafin biyar ga Afrilu. In ranar ta wuce ban kai ba, babu mai sake kawo mini ko katin suna. Ba gona, ba shago.

Lokacin da na saye ta a shagon Alhaji Ayuba a Sakkwato na ƙara kuɗi aka ba ni takardar garanti ta shekara uku, in ta lalace su gyara ko su canza. Jiya na karanta ƙananan rubutun da ke ƙasan takardar: ban da abin da ruwa, ko shayi, ko duk wani abu mai zuba ya taɓa. Na aika wa Alhaji cewa haka kawai ta mutu. Ya ce in kawo ta ranar Asabar, in zo da wanda ya gani da idonsa.

Tun muna yara kake ƙarya, ba ka taɓa yin wadda ta amfani kowa ba. To ga dama ta zo. Ka same ni tashar Jega Asabar bayan asuba. In ba ka zo ba, kada ka sake kirana taubashiya.

Wassalam,
Naja'atu.

*

Bismillahi.
Aliero, Laraba, ƙarshen watan babbar Salla.

Zuwa ga uwar ɗakina Naja'atu, sarauniyar dannawa ta Jega.

Gaisuwa mai yawa irin ta bawa ga uwar gijiyarsa, tunda ke ɗiyar namiji ce ni ɗan mace, haka munka taras ana yi. Inna tana amsawa. Ban gaya mata komi ba, ina son kunnuwana.

Takardarki ta iso hannun Murtala direba. Yac ce da kika miƙa mishi ita har yatsunshi sunka yi zafi.

Yanzu ke don Allah, wane jika ne ba ya wasa da kakarshi? Bara nic ce mata mai karanta labarai a rediyo shina ganinta in ta cire kallabi. Mi ta yi? Faifai ta ɗauko ta rufe rediyon, ta ci gaba da taunar goronta. Ba wanda ya mutu. Ni na san wannan karon gora za ta ɗauko? Na ce akwai aljani, ban ce a yi mishi wanka ba. Kuma batun rama ba ƙarya ba ce, kin rame, wuyanki kamar na zalɓe.

Amma ki daina cewa ni na kashe. Kalmar ta yi mini zafi. Wa ya bar tsohuwa ita kaɗai da gora kusa da akwatin da ya ci gonar ubanki? Ke da kika yi boko har Birnin Kebbi, kika saye takarda da kuɗi masu yawa, ba ki karanta gindinta ba sai da hayaƙi ya tashi. Ni da allona ko wasiƙar aure anka ba ni sai na kai ƙarshe.

Duk da haka zan zo. Ƙarya kike so? Kin zo gidanta. Zan ari babbar rigar maigidan da nike yi wa kabu-kabu, in sa hula, in riƙe carbi. Kafin in gama, Alhajin nan zai ba ki sabuwa ya ƙara miki da kujera. Ke dai ki goge bayan akwatin da tsumma, ki yi shiru, ki riƙa share ido da bakin mayafi.

Kuɗin mota kanki. Ni ba ni da ko sisi, duk abin da na mallaka shina cikin rudu, rumbun albasata, a Sabiyal. Albasa ce ja, manya, na jibge ta ƙarƙashin ciyawa sai damina ta yi nisa farashi ya hau, in sayar in sayi babur nawa na kaina, in daina kai wa wani ciniki kowace yamma. Ranar zan zo in ɗauke ki kyauta, ke da aljaninki.

Kuma cika-ciki ya kusa, kada wannan rigima ta sa ki manta da kuɗin sharata. Bara ma sabulu guda kika ba ni.

Na bar ki lafiya.
Bawanki da ba a biya,
Jibrin.

*

Jega,
Lahadi, 17 ga Maris, 2002.

Zuwa ga Baffa Labbo, Mungadi ta Maiyama.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Baffa, ina gaisuwa da ladabi, da fatan kana lafiya da iyali da Tamu. Na kawo ƙarar ɗan ƙanwarka, don in na same shi da kaina ba zan iya riƙe hannuna ba.

Ka riga ka ji abin da ya sami na'urata. Jiya muka kai ta Sakkwato, ni da Jibrin a matsayin shaida. Ba zan ɓoye maka ba, na roƙe shi ya ce ruwa bai taɓa ta ba. Na san abin da za ka ce. Amma shi ya yarda, har da aron riga.

Da farko ya yi abin da ya saba. Ya ce wa Alhaji Ayuba yana zaune na'urar ta yi tari sau biyu kamar rago, ta yi shiru. Mai gyaransu, Gambo, ya kwance akwatin, sai ga baƙin tabo ya bushe a kan koren allon da ke ciki. Jibrin ko gezau, ya ce kashin tsaka ne, Jega tsaka ta yi yawa bana. Gambo ya kankare da farce, ya ce shi dai ba zai yanke hukunci ba, wani lokaci ƙananan kayan ciki kan fashe su zubar da baƙi haka.

Alhaji ya dube ni ya ce, "Yarinya, na san marainiya ce ke, ba ni gardama da ke. Shaidarki ya dafa ya ce ba abin da aka zuba, ki tafi da sabuwa yau." Ya miƙa hannu saman kanta ya sauko da Alƙur'ani a cikin gafaka.

Baffa, sabuwar tana nan a kwalinta, ina kallonta. Taku uku tsakanina da ita.

Jibrin ya nemi buta. Ya fita ya yi alwala, ya dawo ya zauna. Sai ya sunkuya ya sa hanci cikin akwatin ya shinshina, ya daɗe. Ya ɗago ya ce, "Alhaji, mayar da shi inda yake. Rubutu ne. Allo bakwai."

Shagon cike da mutane. Wani ya ce, "Rubutu? A kwamfuta?" Suka fashe da dariya. Alhaji bai yi dariya ba, kallona kawai ya yi, kuma gara a ce ya zage ni. Ya ce garanti bai ɗauki wannan ba, abin da ya rage sai in soke shi a mayar mini da kuɗin watannin da ban ci ba. Ko ƙarshen maganar ban tsaya ji ba. Na bar musu akwatin, na bar musu Jibrin, na shiga mota.

In ba zai iya ba, me ya hana shi faɗa tun a Aliero? Shi ya kunna wutar da wasansa, shi ya kai ni gaban mutane, shi kuma ya fito a mai gaskiya, ni na fito a maƙaryaciya. Saura kwana goma sha tara in kai aikin makarantu. Ina roƙonka ka yi mana hukunci, kuma ina roƙonka kada ka tuna mini da maganar gona. Ina tunawa da kaina kowace safiya.

A gaishe da Tamu. Kada a gaya mata komai tukuna.

'Yarka,
Naja'atu.

*

Bismillahir Rahmanir Rahim.
Mungadi, 4 ga Muharram, 1423.

Daga Labbo zuwa ga ɗan ƙanwarsa Jibrin.

Bayan sallama da tambayar lafiyar mahaifiyarka, amma ba'adu.

Takardar Naja'atu ta iso mini. Na karanta sau biyu, raina bai daina ɓaci ba. Kada ka zauna kana jiran yabo don ka ƙi rantsuwa a kan ƙarya. Wannan shi ne mafi ƙanƙantar abin da ake nema ga wanda ya sauke. Abin da ya kai ka gaban littafin shi nake tambaya.

Shekara ashirin da huɗu gare ka. Ka sa limamin Sabiyal ya yi wa buhun albasa sallama a duhun zaure, muka yi dariya. Ka aika mahauci Maiyama ɗaukar bijimin da babu shi, muka ba da haƙuri. Yau ka ƙone gonar ƙanena marigayi. Wannan akwati ita ce gonar, ko ban so aka sayar ba.

Ka san halin da ake ciki nan? Uwata tana bin gidaje tana ba da labarin yadda ta ga aljani ya fita baƙi ƙirin yana wari. Mata uku sun zo tambayar sunan malamin. Jiya na tarar da ita tana zagaya injin niƙa na unguwa da ido. Ni ne nake tare ta, da shekaruna.

Hukuncina biyu ne. Na farko, kafin cika-ciki ka zo ka durƙusa gaban kakarka ka gaya mata da bakinka cewa babu aljani, ƙarya ka yi, kuma abin da ta zuba shi ya kashe sana'ar jikarta. Na biyu, ka san yadda za ka yi yarinyar nan ta kai aikinta a kan lokaci. Ban damu da yadda za ka yi ba, in dai babu ƙarya a ciki. Ita ma akwai nata faɗan, zan yi mata idan ta huce.

In ka ƙi, kada ka tako zaurena.

Haza wassalam.
Kawunka, Labbo.

*

Bismillahi.
Aliero, Alhamis, bakwai ga watan cika-ciki.

Zuwa ga Naja'atu.

Sallama da gaisuwa. Yau babu sarauniya babu uwar ɗaki, raina a ɓace yake. Kin kai ƙarata Mungadi, Kawu ya wanke ni tas, Inna ta ji ta daina ba ni tuwo da hannunta. Kowa ya faɗi nashi. To ki saurari nawa.

Kina cewa mi ya hana in faɗa tun Aliero. Ni na san Alhajin zai sauko da gafaka? Ca nike shaidar boko ce, a yi surutu a sa hannu a tashi. Wallahi har na yi alwalar da niyyar in dafa. Na ce a raina in yi, in ya so in yi azumi. Sai na sa hanci cikin akwatin. Naja'atu, warin tawada ne da ƙaro. Shekara goma sha ɗaya ina dafa ta, ina rubutawa, ina wanke allo, ko cikin barci na san ta. Abin da ya bushe a kan koren allon nan, shi ne a cikin gafakar da anka miƙo mini. In dafa wannan in ce wancan babu shi? Hannuna ya ƙi tashi. Ki kira ni abin da kika so.

Kuma ke da kika figi mayafi kika fita, kin bar magana a tsakiya. Ni na tsaya anka gama yi mini dariya. Da shagon ya watse Gambo yac ce mini, "Malam mai tsaka, zo nan." Ya nuna mini abu biyu ne sunka ƙone, koren allon da gidan wuta. Inda rubutunki ke ajiye ruwan bai kai ba, duk tambayoyin da kika riga kika buga suna nan. Yac ce kwana shida ya ishe shi in an kawo kuɗin kaya.

Na koma wurin Alhaji na ce a gyara a garanti mana ko rabi. Yac ce ko kwata. Na ce to rubutu ai ba ruwa ba ne, magani ne. Yac ce in fita mishi daga shago. Na fita na dawo. Da ƙyar ya yarda in kin soke garantin, abin da za a mayar miki ya tafi kai tsaye cikin gyaran. Amma bai kai ko kashi ɗaya cikin uku na kuɗin gyaran ba.

Sauran na kai jiya. Kada ki tambaye ni daga ina. To, bari in gaya miki don ki ji haushi yadda nike ji: na buɗe rudu. Yanzu, da albasa ta cika kasuwar Aliero har awaki na tsallake ta. Dillalin ya ganni da gaggawa ya yanka ni son ranshi, yana yi yana tambayata ko aure zan yi. Babur ya tafi. Wata shekara kuma ina bayan na wani ina kai mishi ciniki.

Ga takardar sokewa nan cikin ambulan. Hannunki suke so, ba nawa ba, kuma Gambo ba zai taɓa akwatin ba sai ta koma. Ki sa hannu ki ba Murtala direba gobe. In kunyar Alhaji kike ji, ba sai kin je ba, ni zan ɗauko miki, ni na riga na saba da dariyarsu. Ki sani daga yau ba ki da garanti. Duk abin da ya sake samunta, ke da Allah.

Batun Tamu. Na je Mungadi kamar yadda Kawu ya ce. Na durƙusa, na buɗe baki. Kafin in ce komi ta kama kaina da hannu biyu tac ce, "Maigidana, kai ka ceci jikata. Duk gidan nan kai kaɗai ka lura yarinyar tana ramewa." Ta dama mini fura da kanta. Na sha, na tashi, na fito. Ban faɗa ba kuma ba zan faɗa ba. Kawu ya hana ni zaure, sai in riƙa shiga ta bayan gida. In ke kina iyawa, ki je ki gaya mata.

Ki huta lafiya, in kin ga dama.
Jibrin.

*

Jega,
Juma'a, 22 ga Maris, 2002.

Jibrin,

Sallama. Ga takardar na sa hannu. Kada ka ɗauka godiya ce. Wa ya ce ka sayar da albasa yanzu? Kai komai naka sai ka yi shi ba shawara, wasan haka, gyaran haka. Da ka tambaye ni da na ce ka sayar da rabi.

Na rubuta wa Baffa na ce a bar Tamu. Ni aka yi wa ɓarna, ni na ce a bar ta.

Ka riƙe akwatin a cinyarka cikin mota, kada ka bari a ɗora shi kan buhuna. Kuma kada ka yi wa kowa magana a hanya.

Har yanzu ina fushi.
Naja'atu.

*

Jega,
Laraba, 3 ga Afrilu, 2002.

Zuwa ga Jibrin, ta bakin duk wanda ya samu.

Assalamu alaikum. Malam mai karantawa, sannu da aiki. Wannan takarda da boko take, bugun na'ura, kuma mai ita ba ya gane ko harafi ɗaya, shi ya sa ya kawo maka. Don Allah ka tsaya tsakiyar 'yan albasa ka ɗaga murya.

Jibrin, na kai aikin makarantu uku jiya, saura kwana uku. Fanka tana ƙara kamar da.

Kuɗin shararka na bana yana nan: tsintsiya ce sabuwa, na jingine ta bayan ƙofar shago. Duk takardar da na kai ko na karɓo daga yau, kai ne mai ɗaukata a babur, kuma zan biya, har ranar da ka sayi naka. Kada ka yi mini gardama a gaban mutane.

Ka zo Asabar da sassafe. Tamu ta aiko cewa tana tafe. Ta ji labarin firinta, na'urar da ke fito da takardu, tana kuka, ta ce wannan matar aljanin ce, kuma ta riga ta je wurin malam. Kai ka fara, kai za ka tsaya a bakin ƙofa. In gorar ta wuce ka, babu sauran rudu.

Uwar ɗakinka,
Naja'atu.